Turken karcen kyanwa ya tsufa: a sake masa igiya ko a nemi sabo?

Ba ƙeta ke sa kyanwa karce kujera ba. Tsohon ɓawon farcenta take zubarwa, tana miƙe bayanta, tana kuma barin warin tafin ƙafarta a wurin don ta shaida nata ne. Saboda haka turken da aka naɗe da igiya aka kafa mata don karce dole ya ci wuya. Idan igiyarsa ta yi buzu-buzu kawai, ƙyale shi, domin ta fi son wanda ta saba da shi. Lokacin gyara ya yi ne idan igiya ta tsinke tana reto, ko kan ƙusa ya bayyana. Zaren da ta haɗiye yana iya naɗe mata hanji, kuma wannan ba ƙaramin ciwo ba ne.

Kafin ka kashe ko dala, kama kan turken ka girgiza. In ya tsaya cik, ginshiƙi da gindi lafiya suke, igiya kaɗai za ka saya. A ganina wannan ne zaɓin da ya fi dacewa da yawancin gidajen Maraɗi.

Sai dai ba kowace igiya ba. Ta sisal, wadda ake yi da zaren wani tsiro da ake nomawa a Tanzaniya da Kenya da Birazil, ita ce ta fi jure farce, amma ba kullum za ka same ta a babbar kasuwa ba. Igiyar rama tana nan a hannu, ba ta da tsada, kyanwa na karɓarta, illarta ita ce saurin sauɓewa, don haka za ka riƙa sakewa. Ta kaba tana da kaushi mai kyau, amma iskar hunturu na busar da ita har ta riƙa karyewa. Igiyar roba ta guga kuwa, kar ka ko tambayi kuɗinta: farce na maƙalewa a zarenta, kyanwa ta fizga ta ji rauni. Duk wadda za ka saya, sansana ta tukuna. In tana warin mai ko kananzir, mayar wa mai ita.

Mutane sukan sayi igiya ta kasa, don haka yi lissafi tun daga gida. Turke mai tsawon santimita 80 da kewayen santimita 30, in kaurin igiyar milimita 8 ne, zai ci zagaye 100, wato wajen mita 33 in an haɗa da kaurin igiyar a kowane zagaye. Ƙara mita biyu ko uku. Kwance tsohuwar duka, zare kowace ƙusa, ka fara naɗi daga ƙasa kana ja da ƙarfi, kana buga kowane zagaye da guduma ya manne da ɗan uwansa. Ƙusa a farko da ƙarshe ta isa, a nutsar da kanta sosai. In rabin sama ne kaɗai ya cinye kuma turken na kwancewa, juya shi ƙasa ta koma sama, ka samu wasu watanni kyauta.

In kuwa ka girgiza ya yi lilo, duba dalili. Noti ne ya saki? Ɗaure shi. Amma yawancin waɗanda ake shigo da su daga waje cikinsu bututun kwali ne, da murfin roba da ke riƙe notin. Da zarar murfin ya fashe, ko laimar damina ta jiƙa kwalin, gam ba zai tashe shi ba. Haka katakon da gara ta shiga. A nan sai sabo.

Na kanti yana da kyan gani, ga laushin yadi ga ƙwallo na reto, amma sai an aiko maka daga Yamai ko Kano, ka biya kuɗin mota, kuma sau da yawa gajere ne, na ƴar kyanwa. Babba tana buƙatar tsayin da za ta miƙe gaba ɗaya, santimita 75 zuwa 90. Ni dai na fi ba da shawarar kafintan unguwa. Ce masa ya yi ginshiƙin katako na gaske, da gindi mai nauyi wanda faɗinsa bai gaza santimita 40 ba ta kowane gefe, kuma kada ya shafa fenti. Wanda yake da tsohon turmi da ya tsage, ya kifa shi a kafa ginshiƙin a bisansa, ba kyanwar da za ta kada shi. Irin wannan igiya kawai za ka riƙa sake masa.

Kwalayen da aka yanka aka jera aka ɗaure suna yi wa kyanwar da ke son karce a ƙasa, kamar mai yagar tabarma, sai dai ba sa daɗewa kuma kullum da shara.

Idan sabon ya iso, ajiye shi daidai inda tsohon yake, ko kusa da makwancinta, tun da tana tashi daga barci take fara karce. Ɗaura masa guntun tsohuwar igiyar na ƴan kwanaki don ta ji warinta, kuma kada ka kama ƙafafunta ka goga mata da ƙarfi, tsoron wurin za ta yi.