Shirin tarihinku ya burge ni, amma wanda ya katse shi bai kyauta ba

Ni fa na daɗe da sallama gidan rediyon jiharmu. Tun da tashoshin FM masu zaman kansu suka yi yawa, ga kuma waya a hannu, na fi shekara biyar ban murɗo tashar da gangan ba. Baba ne ya mai da ni. Da yanar ido ta rufe masa gani ya daina fita majalisar ƙofar gida, sai na saya masa ƴar rediyo mai caji, irin mai fitila a ka. Ya ce a ajiye masa ita a tashar gwamnati, kada wanda ya taɓa. Mutumin da ya tashi da Rediyo Kaduna, wadda aka buɗe a 1962 zamanin Sardauna, ba ka isa ka ce masa akwai wata rediyo bayan ta hukuma ba. "Waɗancan ai masu surutu ne," in ji shi.

To, wani daren Laraba bayan isha'i na shiga kai masa shayi, na tarar ana shirin tarihi. Niyyata in ajiye kofi in fita, sai ga ni zaune a bakin tabarma. Wani dattijon malami aka gayyato, mai gabatarwa kuma ya san aikinsa, tambaya gajera zai jefa ya yi shiru. Zancen zuwan Turawa ake yi. Malamin ya ɗauko daga ranar 3 ga Fabrairun 1903 da aka ci Kano, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Ya faɗi yadda Waziri Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi a kan hanyar komowa, sannan ya gangaro Giginya, 15 ga Maris, inda aka gwabza a bakin Sakkwato. Duk wannan mun ɗan taɓa ji a makaranta. Abin da ban taɓa jin an ba shi haƙƙinsa ba shi ne hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas. Malamin bai tsaya kan sarakuna kaɗai ba. Ya yi ta bayanin talakawan da suka bar gonakinsu ana dab da shuka, suka ɗaura kaya a jakuna, da mata da goyo, gari bayan gari ana ƙaruwa, don sun ƙi zama ƙarƙashin Nasara. Muryarsa ba ta tashi ba ko sau ɗaya, amma tsigar jikina sai da ta tashi.

Ana cikin haka Baba ya ajiye kofi, ya ce, "Ƙanen kakana yana cikinsu. Bai dawo ba."

Na ce, "Baba, ba ka taɓa gaya mana ba."

Ya ce, "Wa ya tambaye ni? Yi shiru mu ji."

Wallahi a daidai wannan lokacin da an ce in ba gidan rediyon nan maki, biyar cikin biyar zan ba su har da ƙari. Babu wata tashar kasuwa da za ta ba dattijo rabin awa yana magana a tsanake ba tallan maganin basir a tsakiya.

Malamin ya kawo mu Burmi, can ƙasar Gombe, ranar 27 ga Yuli, an kashe Attahiru, kuma shi ma Manjo Marsh da ya jagoranci sojan Turawa a nan ya mutu. Mai gabatarwa ya yi tambayar da Baba ke jira: waɗanda suka tsira fa, ina suka nufa? Malam ya buɗe baki ke nan sai ƙit! Kiɗan taushi na ɗan lokaci, sai ga murya ta daban, wai za a sada mu da wakilinsu don jin yadda aka ƙaddamar da kwalbati a wata unguwa. Bikin da aka yi tun da hantsi! Ba a ce mana a yi haƙuri ba, ba a ce za a ci gaba ba. Bayan kwalbatin kuma wani sojan baka ya shigo da filin da aka saya masa, ya yi minti goma sha biyar yana yabon ubangidansa yana yi wa ƴan adawa habaici. Baba yana riƙe da rediyo a kunne har aka rufe tasha, ko za su dawo da malamin.

Larabar da ta biyo baya tun magariba ya sa aka yi wa rediyo caji. Aka buɗe shiri, sai ga zancen sana'ar rini. Ba laifi, shi ma ya yi kyau, an yi bayanin baba da toka da yadda ake haɗa karofi, amma ba shi muka zo ji ba. Na kira lambar da suke bayarwa ya fi sau goma, tana shiga ba a ɗauka. Na tura saƙo, shiru kamar an shuka dusa.

Tunda abin ya ɓata mini rai, bari in fito da sauran. Filin waƙoƙin da na ranar Lahadi, taskar da suke da ita ba ƙarama ba ce, akwai kotson Ɗanƙwairo, akwai kalangun Shata, har da na wasu masu kukuma da ban taɓa ji a wani wuri ba. Amma faifan yana ja kamar an jiƙa shi, ga shi mai gabatarwa ba ya barin baiti ya kai ƙarshe sai ya rage sauti ya hau gaishe-gaishe, mai shayin bakin tasha, da shugaban masu faci, da amarya da ango. Shata ya rasu tun 1999, ba zai dawo ya sake rerawa ba. In faifan nan ya lalace a hannunsu shi ke nan, ban ga alamar ana kwafe su a kwamfuta ba. Shirin al'amuran yau da kullum kuwa ba sai na ɓata bakina ba, kowa ya san wanda ake yabo. In an ɗauke wuta kuma tasha takan yi ɗif sai an tayar da janareta.

Amsar tambayar dai a wajen wani malamin sakandare na unguwarmu na samo ta. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'ar har Sudan, suka zauna a bakin kogin Nilu kusa da Sennar, garin ma sunansa ya ci, ana ce masa Mai Wurno har yau. Na zo da murnata na gaya wa Baba. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka. Amma da malamin nan ne, da ya faɗi ta wace hanya suka bi."

Maki biyu na ba su, shi ma albarkacin dattijon nan ne. Yau Laraba ta shida ke nan, Baba ya riga ya aiko yaro ya karɓi cajar.