Wata uku ina koyon Wing Chun a Foshan

Na biya kuɗin wata uku a wata makarantar kung fu da ke Foshan, a kudancin ƙasar Sin, kusa da Guangzhou inda nake harkar kaya. Salon Shaolin na je nema, mai tsalle da shuri sama. Aka ce wannan sai lardin Henan, inda gidan ibadar Shaolin yake tun shekarar 495, kuma su kansu mutanen Sin suna cewa kung fu ɗin kudu na dunƙulen hannu ne, na arewa na ƙafa. Foshan garin Ip Man ne, shahararren malamin salon Wing Chun, wanda ya koma Hong Kong a 1949 har ya koyar da Bruce Lee, don haka Wing Chun ke tashe a nan.

Makonnin farko ban ji daɗi ba. Tsayuwa ce kawai, gwiwoyi a karkace ciki, ana maimaita Siu Nim Tau, jerin motsin hannu na farko da ake koya, hannu na fita a hankali kamar mai zare gashi daga fura. Har na fara tunanin kuɗina sun tafi.

Ranar da aka haɗa ni da wani dattijo a wasan chi sao, wato atisayen manna hannu da na abokin gwaji, komai ya canza. Tsawonsa bai wuce kafaɗata ba, gashinsa duk furfura. Muka jingina hannu da hannu, ya rufe ido. Na tura da ƙarfina, sai na ji kamar na tura labule, tafinsa kuwa yana kan ƙirjina. Na sake, haka. Sau biyar, bai taɓa ɗaga ƙafa ba. Ya kama gwiwar hannuna ya mayar da ita tsakiyar jikina, ya buga kafaɗata alamar in saki jiki. A dambe ana tara ƙarfi a hannu guda a jira dama, shi kuwa wannan bawan Allah ƙarfina ya ara ya yi aiki da shi. Wallahi daren nan ban yi barci da wuri ba.

Amma fa ina da ƙorafi. Da sunan sifu, wato babban malamin, aka karɓi kuɗina, bayan wata ɗaya ya bar mu da wani ɗalibinsa da rabin hankalinsa ke kan waya. Gunkin katakon da ake atisaye da shi ma sai an ƙara kuɗi, ba a faɗa mini ba tun farko. Kuma har na gama ba a sa mana safar dambe mun gwada da gaske ba. Mai son faɗan fili ya nemi Sanda, damben Sin da ake bugu da gaske, mai ciwon gwiwa ya bi tsofaffin da ke Tai Chi, salon motsi a hankali, da asuba a lambun gari.

Abu ɗaya na yaba, in magariba ta yi suna share mini wuri in yi salla. Na sabunta wata ɗaya kacal, kuma ranakun da dattijon nan ke zuwa na zaɓa.