Yaya, a Ingila sai ka iya karanta titi kafin a bar maka sitiyari

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya iyali, ya hanya? Saƙonka ya iso, kana tambaya ko na fara tuƙi a nan Manchesta. Ka cancanci amsa mai tsawo, tunda kai ka fara ɗora hannuna a kan sitiyari a titin Zariya, kai ka koya mini sakin kuloci ba tare da mota ta mutu ba. Abin da ka koya wa hannuna da ƙafata yana nan daram. Abin da ya ci mini wata shida da kuɗi masu kauri shi ne Turancin titi.

Lasin ɗinmu na Najeriya yana aiki a nan tsawon wata 12 daga ranar da mutum ya zama mazauni. Bayan nan ba a musanya shi da nasu, sai ka koma ɗan koyo. Lasin koyo fam 34 ne idan ka nema ta intanet daga DVLA, hukumar da ke ba da lasin tuƙi. Jarrabawar kwamfuta fam 23, ta kan titi fam 62 a ranakun aiki, 75 da yamma ko ƙarshen mako. Waɗannan duk da sauƙi. Inda aljihu ke kuka shi ne wurin malamin tuƙi: nawa fam 35 yake karɓa a awa ɗaya. Amma gaskiya yana cin guminsa. Yana zuwa ƙofar gida a kan minti, motarsa tana da birki ta ɓangarensa, kuma bayan kowane darasi yana rubuta mini inda na gyaru da inda ya rage.

Jarrabawar kwamfuta tambaya 50 ce cikin minti 57, sai ka ci 43. Daga nan a nuna maka gajerun bidiyo 14 kamar kana cikin mota, ka danna da zarar ka hango abin da zai iya zama haɗari, yaro a bayan motar da aka faka ko mai keke da zai karkato. Maki 75 ne, ana son 44. Tun watan Afrilun 2014 aka daina barin mutum ya zo da tafinta, da Turanci ake yi ko da yaren Welsh. Zuwana na farko 40 na samu. Na fito raina a ɓace, domin da na zauna na tuna tambayoyin da suka kayar da ni, duk na san abin da zan yi da a kan titi ne. Kalmomin ne ban gane ba.

Ka san mun yi Turanci a makaranta, kuma sunayen jikin mota irin su but da bonet daga wurinsu muka gada. Amma ranar farko da na ce wa malamina zan yi “trafficate”, sai ya juyo yana kallona. Su “indicate” suke cewa ga kunna sigina. Kafaɗar babban titi, inda mota ke tsayawa idan ta lalace, “hard shoulder” ce. Ɗan titin da ke shigar da kai babbar hanya ko ya fitar da kai, “slip road”. Akwai allo mai kusurwa uku da aka rubuta “Ford” a ciki. Duk ɗan Kano zai ce sunan mota ne, alhali cewa yake gaba kaɗan rafi ya ratsa titi, za ka shiga ruwa, kuma idan ka fito ka gwada birkinka.

Wadda ta fi ba ni wahala ita ce “dual carriageway”. Na ɗauka duk titi mai layi biyu ake nufi. Ashe ba yawan layi ake dubawa ba, sai an raba masu tafiya da masu dawowa da shinge ko tsibiri a tsakiya, kamar hanyar Kano zuwa Kaduna. Kuma wannan bambancin shi ke yanke maka gudu. Akwai wani farin allo zagayayye da baƙin layi ya ratsa, babu lamba ko ɗaya a jikinsa. Idan ka gan shi a titin da ba a raba ba, iyakar ƙaramar mota mil 60 a awa. A wanda aka raba, mil 70. A cikin gari yawanci mil 30 ne, wasu unguwanni 20. Ka lura mil nake cewa, kowane ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi, don haka har lissafin da ke kanka sai ka sauya.

Littafin da ake karantawa sunansa The Highway Code, tun 1931 aka fara buga shi. Na sayi nawa a kantin littattafai da kuɗin da bai kai na abincin rana ba, kuma kyauta yake a intanet. A cikinsa na gano wani abu da ya burge ni ƙwarai. Inda aka ce “must” ko “must not”, doka ce, wanda ya karya ya yi laifi, tara ce ko makin laifi a lasin ko kotu. Inda aka ce “should”, shawara ce, amma idan an yi haɗari za a iya kafa hujja da ita a kanka. Kalma ɗaya tak ta raba wajibi da mustahabbi. Da na fahimci haka sai na ɗauki biro ja na bi littafin shafi-shafi ina ja wa kowane wajibi layi, kamar yadda muke yi wa littafin fiƙihu a makarantar dare.

Alluna kuwa siffarsu ke fara magana kafin rubutu. Zagayayye umarni ne, mai kusurwa uku gargaɗi, mai kusurwa huɗu bayani. Jan zobe hani ne, shuɗi kuma cewa yake yi kaza. Ga inda baƙo ke faɗawa rami: za ka ga jan zobe da hoton babur a saman mota, ba a soke shi da layi ba. Idonka zai ce maka an yarda mota da babur su shiga. A'a, jan zoben kaɗai ya isa hani. Keke a cikin jan zobe, ba a shiga da keke. Keken nan dai a cikin shuɗi, hanyar masu keke ce. Na yanka kwali ƙanana, hoto a gaba, ma'anar da Hausa a baya, ina jujjuya su a bas idan zan tafi aiki. Maƙwabcina ɗan Sudan, Bahaushen da kakanninsa suka tsaya can a hanyar Makka, ya ara ya yi mako biyu da su.

Wuraren tsallaka titi ma sunayen dabbobi da tsuntsaye suka ba su. Akwai zebra, wato jakin dawa, mai zanen fari da baƙi, inda ba danja sai dai ka tsaya wa mai tafiya a ƙasa. Akwai pelican da puffin masu danja da maɓalli. Akwai toucan wanda mai ƙafa da mai keke ke tsallakawa tare, har da pegasus na masu doki, maɓallinsa a sama yadda mahayi zai kai hannu. Tun gyaran da aka yi wa littafin a Janairun 2022, ko kwana za ka sha a mahaɗa, in ka ga mutum yana jiran tsallakawa, shi ake so ka fara bari.

Wata rana da la'asar, ana yayyafi, muna ƙoƙarin fita daga wani lungu. Wata mota ta taho daga dama ta haska mana fitila sau biyu. Na danne birki na ƙame, domin a wurinmu wanda ya haska maka fitila cewa yake kauce, ga ni nan tafe. Matar da ke ciki ta rage gudu har ta tsaya, ta ɗaga mini hannu in wuce. Malamina ya bari muka fita, sannan ya sa na faka. Ya ce mutane a nan da fitila suke cewa bismilla, amma a littafi ma'anarta ɗaya ce, ina nan, ka gan ni. Ya ce kada in taɓa fita don wani ya haska mini, in duba da idona tukuna. Haka oda. Ba a gaisawa da ita, ba a kiran fasinja da ita, kuma a cikin unguwa an hana danna ta daga 11:30 na dare zuwa 7 na safe, sai in wani ya jefa ka cikin haɗari. Na yi kewar hayaniyar tashar Unguwa Uku, amma na ga amfanin shirun: in ka ji oda a nan, ka san da dalili.

Ba komai nasu ya fi namu ba, Yaya. Tayar abokina ta yi faci a kan M60, babban titin da ya zagaye garin, sai da ya jira motar agaji, don babu mai faci a gindin bishiya, kuma ba wanda zai tsaya ya ce sannu, kawo jak. Bakanike sai ka nemi rana, kuɗin hannunsa da awa ake lissafawa, kuma ya fi son ya cire ya sa sabo a kan ya gyara. Yaranmu na Kofar Ruwa da ke tayar da injin da aka fid da rai da shi, a nan da sarakai ne. Duk motar da ta shekara uku dole a kai ta gwajin lafiya na MOT kowace shekara. Inshorar da aka yanka mini a matsayin sabon direba ta fi kuɗin tsohuwar motar da nake son saya. Kuma wanda aka kama da waya a hannu yana tuƙi, fam 200 ne da maki shida, maki shidan nan kuwa sun isa a karɓe lasin wanda bai shekara biyu da samu ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne idan na tuna direbobi nawa muka sani masu hannu kamar naka, waɗanda ba a taɓa zaunar da su an fassara musu allo ɗaya da Hausa ba, da kwanoni nawa a hanyoyinmu da allonsu ya faɗi ba a mayar ba. Baba yakan ba mu labarin 1972, lokacin da Najeriya ta bar hannun hagu ta koma dama, yadda aka yi ta shela a rediyo har kowa ya gane. Ashe in an so a koyar, ana iyawa.

Na ci ta kwamfuta a zuwa na biyu da 47, kuma takardar shekara biyu take aiki. Ta kan titi saura mako biyar. Kafin a shiga mota za a sa ni karanta lambar wata mota daga nisan mita 20, sannan kusan minti 40 ana zagayawa da ni. Shataletale ne har yanzu nake gyarawa, saboda ta hagu ake shiga, ido kuma yana dama. Ka sa ni a addu'a, ka ce wa Hajiya ma ta yi. Kwalayen nan nawa, in na gama zan ba mai zuwa gida ya kawo wa yaronka na mota, ka sa ya fara da masu jan zobe.