Kiredit ɗin kabon: wanne za ka saya, wanne za ka bar wa mai shi?

A 2022 wani abokin cinikinmu na Jamus, wanda muke aika wa zoɓo da riɗi, ya nemi mu riƙa biyan diyyar hayaƙin da jigilar kayanmu ke fitarwa. Na samu dillali, ya kawo farashin da ya sa na yi murmushi, na biya, ya turo min takarda mai hoton bishiyoyi da hatimin zinariya. Bayan wata shida Bajamushen ya nemi lambar rajista. Da muka bi sawu, ashe kiredit ɗin na wata tsohuwar tashar lantarki ce, ya shekara goma yana yawo a hannun 'yan kasuwa, kuma ba a ma kashe shi da sunan kamfaninmu ba, wato ba a rubuta a rajista cewa mu muka yi amfani da shi don a fitar da shi daga kasuwa ba. Cinikin biri a sama na yi. Tun ranar, duk wanda ya kawo min kiredit tambayoyi biyu nake fara yi masa: wa ya auna, kuma ina lambar?

Kiredit ɗaya shaida ce cewa an hana tan ɗaya na iskar kabon shiga sararin samaniya, ko an janye shi daga can. Wahalar kasuwar ita ce abin da ake sayar maka abu ne da bai faru ba: dajin da ba a sare ba, itacen da ba a ƙona ba. Mai sayarwa na son adadi ya yi yawa, mai saye na son araha, mai tantancewa kuma mai aikin ne ke biyansa.

Tsofaffin kiredit na CDM, tsarin da ya fito daga yarjejeniyar Kyoto ta 1997, ka wuce su kawai. Farashinsu ya faɗo daga kusan Yuro 20 a 2008 zuwa ƙasa da Yuro ɗaya a 2013, kuma binciken da cibiyar Öko-Institut ta yi wa Tarayyar Turai a 2016 ya nuna kashi 85 cikin 100 na ayyukan da ta duba da wuya a ce kuɗin kiredit ne ya sa aka yi su. Na tashoshin iska da hasken rana ma haka, domin a 2024 hukumar ICVCM mai tantance ingancin kasuwar ta ƙi ba hanyoyin lissafinsu tambarinta. Na injinan zuƙe kabon irin na Climeworks a Iceland kuwa ɗaruruwan daloli ne tan ɗaya, sai masu hannu da shuni.

Na kare daji shi ya fi daɗin talla, shi ya fi jawo abin kunya. A Janairun 2023 jaridun Guardian da Die Zeit tare da SourceMaterial suka ruwaito cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan kiredit da Verra, ƙungiyar da ke rajistar ayyukan kiredit, ta yi wa rajista ba su rage hayaƙin da aka ce ba. Verra ta musanta, amma kasuwa ba ta koma yadda take ba. A shekarar ne kuma kamfanin South Pole ya janye daga aikin Kariba na Zimbabuwe, bayan an yi ta ƙorafin cewa an zuzuta yawan dajin da wai da an sare. In dai bishiya kake so, nemi Plan Vivo ta Edinbara, wata mai rajistar ayyukan, wadda ta shar'anta aƙalla kashi 60 cikin 100 na kuɗin ya koma hannun al'umma. Sai dai kayanta kaɗan ne, kuma gobara ba ta san takardar shaida ba.

Ni dai inda nake sa kuɗina shi ne murhun girki mai mita, ƙarƙashin Gold Standard, ita ma mai rajistar ayyuka ce, wadda ƙungiyar kare muhalli ta WWF da wasu ƙungiyoyi suka kafa a 2003. A lura, mai mita na ce. Kiredit ɗin murhu gaba ɗaya sunansa ya ɓaci, kuma da dalili. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun wallafa a Janairun 2024 cewa an ninka adadin hayaƙin da aka ce murhunan sun rage kusan sau tara. Duk wanda ya tashi a gidan da ake tuƙa tuwo zai gane yadda aka yi. An raba wa mata murhu kyauta, bayan shekara wani ya zo da takarda yana tambayar uwargida ko tana amfani da shi. Me za ta ce wa wanda ya yi mata kyauta? Za ta ce sosai ma, alhali shayi da ɗumame kawai take yi a kai, tukunyar tuwo na nan bisa duwatsu uku. Sannan ana lissafawa kamar yawancin itacen da aka ƙona ba zai sake tsirowa ba, wanda shi ma ƙari ne.

Mita ta kashe wannan kunyar. Murhun lantarki, ko na gas, ko na ethanol, ana ƙirga abin da aka ƙona ko aka saya, ba abin da baki ya faɗa ba. Binciken nan na Berkeley ya samu wannan hanya ta fi kowace kusa da gaskiya, ƙarinta kusan ninki ɗaya da rabi, kuma a 2025 ICVCM ta amince da ita bisa sharuɗɗa. Ya fi tsada, ban musa ba. Amma ko lissafin kabon ya ɗan kauce, matar da ta daina shaƙar hayaƙi a madafa ta ci riba.

Akwai kuma na gwamnatoci, ƙarƙashin Sashe na 6 na yarjejeniyar Faris kan sauyin yanayi, sashen da ya ba ƙasashe damar cinikin kiredit a tsakaninsu, wanda sai a taron Baku na 2024 aka kammala ƙa'idojinsa. Ghana ta sa hannu da Suwizalan tun 2020. Abin da ya shafe ka a nan ɗaya ne: in ƙasar da aikin yake ba ta cire tan ɗin daga nata lissafin ba, ku biyu ne ke iƙirarin kaya ɗaya. In abokin cinikinka ya shar'anta wannan, ka nemi wasiƙar izinin gwamnatin ƙasar, kada ka yarda da “tana kan hanya”.

Sai maganar macuta. Takarda mai hatimi ba komai ba ce, yaron shagon kwamfuta zai haɗa maka wadda ta fi ta kyau. Rajistar Verra da ta Gold Standard a buɗe suke a intanet. Ka shiga da kanka, ka ga lambar aikin, shekarar da aka rage hayaƙin, da sunan wanda aka kashe kiredit ɗin dominsa. Wanda ba a kashe ba, gobe ana iya sayar wa wani. Ka guji dillalin da ya ƙi faɗin la'adarsa, da mai haɗa maka “gauraye” ba sunan aiki, da mai cewa ka saya ka ajiye zai ninka kamar fili. Ko rajistar ma ba ta wanke kowa. A Oktoban 2024 masu gabatar da ƙara a Amurka suka tuhumi tsohon shugaban C-Quest Capital, kamfanin da ke sayar da kiredit ɗin murhu, da murɗa alƙaluman murhu, ya musanta, Verra kuma ta soke kiredit kusan miliyan biyar na kamfanin.

A bana rabin kuɗi na ba sabon dillalina, sauran sai da na ga sunan kamfaninmu a rajista. Ya yi ƙorafi cewa ba haka ake yi ba, na ce ya kai kayansa gaba. Bayan kwana uku ya turo lambobin.