Shagon tura fim na bakin layinmu da rigimar 'yan kallon Koriya

Indai kana son fina-finan Koriya masu dogon zango kuma data na gagararka, shagon tura fim ɗin nan na bakin layinmu ya cancanci ka leƙa, amma ka je da shirin toshe kunne don wallahi kafin a gama tura maka sai wani ya faɗa maka wanda zai mutu a ƙarshe. Ba zan kama sunan shagon ba, ba talla aka biya ni ba kuma akwai inda zan caccake shi. Ɗan ƙaramin waje ne haɗe da cajin waya, kwamfuta biyu, benci ɗaya a ƙofa, da sola a saman kwano shi yasa ko Nepa sun ɗauke wuta aiki bai tsayawa. Ka miƙa waya ko memori, ka faɗi abin da kake so, a jona kebul, shikenan. Kuɗin kuma ba ya ko kusa da abin da za ka ƙona a data in ka ce da kanka za ka sauke.

Abin da ya raba shi da sauran shagunan shi ne mai shagon yana kallon abin da yake turawa. Wasu wuraren folda ɗaya ce an rubuta Koriya, a ciki an zuba na China da na Tailan da na Japan duk a cakuɗe, in ka yi magana a ce ai duk ɗaya ne. Shi ko ya ware su, na sarauta daban, na soyayya daban, na ramuwar gayya daban, har da wata folda da ya sa wa suna na kuka. Kana zuwa zai ce "Yaya, na faɗa za a sa ko na kuka?" Tsofaffin ma yana da su cikakku, Jumong efisod 81 ɗin nan da tashar MBC ta fara haskawa a 2006 babu ko ɗaya da ya ɓace, haka Jewel in the Palace guda 54, labarin yarinyar da ta taso daga kicin ɗin fada har ta zama likitar sarki. Magidanta masu furfura su ne kwastomomin Jumong, tun zamanin faifan CD suka kalla amma har yau in aka ambaci Daeso, mai ƙulla wa Jumong makirci a fim ɗin, sai ka ji mutum ya ja tsaki kamar shi aka yi wa makircin.

Toh amma gaskiya ni bencin nan na ƙofa ya fi fayil ɗin daɗi. A nan za ka ga namiji ya zo da fuska a ɗaure ya ce madam ce ta aiko ni, a sa mata Crash Landing on You, kana juyawa sai ka ji shi yana musu a kan ko ya dace jarumin, kaftin Ri na Koriya ta Arewa, ya tsallako Koriya ta Kudu saboda mace, toh Alhaji ya aka yi ka sani in madam ce ke kallo? Wata ɗaliba kuma da aka gaya mata Hyun Bin da Son Ye-jin, wato jaruman fim ɗin, sun yi aure da gaske a 2022, sai da ta rangaɗa guɗa a bakin titi kamar 'yar gidansu aka aurar.

Babbar rigimar da ba ta ƙarewa ita ce ta saurayi na biyu, wanda ya fi kirki ya fi haƙuri amma a ƙarshe a bar shi da hamma. A Start-Up na 2020 mutane sun rabu gida biyu, 'yan Do-san jarumin da 'yan Ji-pyeong saurayi na biyu, kuma ba a shagonmu kaɗai ba, a intanet duk duniya aka yi ta wannan faɗan. Ni dai ina bayan Ji-pyeong kuma ba na neman afuwar kowa, mutumin shi ya riƙa rubuta wa jarumar wasiƙu tun suna yara, wani ya zo ya ci moriyar. Reply 1988 ma haka, 'yan Jung-hwan har yanzu ba su huce ba, kodayake a nan laifinsa ne, mutum ya tsaya nuƙu-nuƙu har Taek ya riga shi. Sai masu kukan ƙarshe. Twenty-Five Twenty-One ya bar mutane da haushi don bayan duk wahalar ba a yi auren ba, Moon Lovers na 2016 kuwa har gobe ana zuwa neman sizin na biyu. A nan na ƙara yarda da mai shagon, don kai tsaye yake cewa babu, ba a yi ba, efisod 20 ne iyakarsa, alhali wani wurin sai a tura maka na China mai irin labarin tunda asalin littafin na can ne, a karɓe kuɗinka ka je gida ka ga wasu fuskokin daban.

In ka saurari dalilin da yasa mutanenmu suka kamu, kusan bakinsu ɗaya. Akwai kunya a ciki, yaro na sunkuya wa babba, ana karɓar abu da hannu biyu, ana iya cinye rabin fim jarumi bai wuce riƙe hannu ba. Ga uwar miji mai jaraba, ga ɗan masu kuɗi da ya liƙe wa 'yar talakawa kamar a Boys Over Flowers na 2009 wanda ya fito da Lee Min-ho, duk wanda ya taso da littattafan soyayya na Hausa ya san wannan hanyar. Sannan yawancin na yanzu ba sa wuce efisod 16 a rufe labari, ba irin na Indiya da za a yi ta jan abu ɗaya ɗaruruwan efisod ana haska fuskar kowa sau uku da kiɗa ba. Masu kushe su ma suna da hujja, shan giya ya yi yawa, kowane ɓacin rai sai an je an zauna da koriyar kwalbar soju ana gasa naman alade, wasu mazan kuma sun ce su ba za su iya kallon jarumi mai jan baki da fuska sumul ba. Ni abin da ke ban haushi talla ne, ana tsakiyar tashin hankali a Vincenzo sai ka ga an ɓare alawar Kopiko ana nuna ta ga kyamara.

Wani abu da nake yawan faɗa musu a bencin shi ne 'yan kallo a can Koriya bakinsu na da kaifi sosai. A 2021 tashar SBS ta soke Joseon Exorcist bayan efisod biyu kacal, saboda mutane sun yi caa a kan an murɗe tarihin sarakunansu an kuma cusa kayan China a ciki, masu talla suka janye, fim ya mutu. A 2023 kuma Larabawa da Musulmi suka taso wa King the Land kan yadda aka nuna wani yarima Balarabe a matsayin mashayi mai bin mata, sai da masu shirin suka fito suka ba da haƙuri. Mu ko namu ƙorafin a kan benci yake ƙarewa, kuma ba mamaki tunda kowa ya san fayil ɗin nan ba da izinin masu fim aka sauko da su ba, a lissafinsu ba ma cikin 'yan kallo.

Yanzu inda shagon ya gaza. Na farko rubutun fassara, wani lokacin ya riga magana wani lokacin ya makara, jaruma na kuka a ƙasa kuma ana nuna maganar direba, wasu kuma ka san inji ne ya fassara don mace ake nufi amma an rubuta namiji. Masu fassarar Hausa 'yan kaɗan ne a wajensa, su ɗin ma mai fassarar ya cika saka barkwancinsa a wurin da ya kamata a yi shiru. Yana kuma matse fayil don ya shiga ƙaramin memori, sai hoton ya dushe, in aka shiga dare a fim ɗin sarauta takubba kawai za ka ji ba ka ganin wa ya sari wa. In ka ce a ba ka mai nauyi yana da shi, sai dai ka tambaya da bakinka, kuma ka ƙirga efisod ɗinka kafin ka bar wajen don in yaronsa ne a kan kwamfuta yakan tsallake ɗaya ba tare da ya lura ba.

Wanda ya fi damuna shi ne ba a tambayar shekaru. Na ga an tura wa yaron da bai wuce firamare ba Squid Game a wayar da na tabbata ta mamarsa ce, fim ɗin da Netflix ta saki a 2021 inda mutum 456 ke wasan yara ana bindige duk wanda ya faɗi, jini ko'ina, ga wuraren da ko babba sai ya tura gaba in da mutane a ɗaki. Mutane na ɗauka duk abin da ya fito daga Koriya mai kunya ne, alhali waɗanda ake yi don manhaja irin Netflix ba su da takunkumin na talabijin. Na yi wa mai shagon magana, ya ce "Yaya, in ban tura ba shagon gaba zai tura, kuma cewa ya yi yayansa ne ya aiko shi." Na ce masa ko ba komai ya ware folda ɗaya ta manya ya riƙa cewa mai aiken ya zo da kansa, ya ce in sha Allahu, har yanzu dai ban ga foldar ba.