Sharhi Kan HIrisPlex-S, Manhajar da Ke Hasashen Launin Ido da Gashi da Fata Daga Ɗigon Jini

HIrisPlex-S manhaja ce da ke kan intanet, wadda kowa zai iya buɗewa ya yi aiki da ita ba tare da biyan ko sisi ba, kuma cibiyar koyar da aikin likita ta Erasmus da ke birnin Rotadam a ƙasar Holan ce ke riƙe da ita. Aikinta guda ɗaya ne: a ba ta bayanan wasu zaɓaɓɓun gurabe na ƙwayar halittar mutum, wato DNA, ita kuma ta faɗi yiwuwar launin idonsa da na gashinsa da na fatarsa. Ta fito ne daga binciken Farfesa Manfred Kayser, wani masani Bajamushe da ya shugabanci sashen tantance mutane ta ƙwayar halitta a wannan cibiya, tare da Susan Walsh, wadda ta fara aikin tana ɗaliba a ƙarƙashinsa, da kuma Wojciech Branicki na ƙasar Folan. A ganina aiki ne mai tsabta wanda ba ya cika baki, amma amfaninsa ya dogara ƙwarai a kan ƙasar da aka kai shi, kuma a wajenmu ba shi da abin faɗa mai yawa.

Tun daga shekarar 1984, lokacin da Alec Jeffreys ya gano hanyar bambanta mutane ta ƙwayar halitta a Jami'ar Lesta ta Ingila, gwajin da 'yan sanda suka saba da shi gwaji ne na kwatance. Ana ɗaukar jini ko yawu ko wani abin da aka tsinta a wurin da aka aikata laifi, a kwatanta shi da na wanda ake zargi, ko da na waɗanda ke cikin rumbun bayanai. Idan babu wanda ake zargi, kuma rumbun bai nuna kowa ba, to bincike ya cije. Wannan giɓin ne Kayser ya nufa: ya sa samfurin da kansa ya ba da siffar mai shi, ko da ba a san kowa ba. A 2011 suka fitar da IrisPlex, mai duba gurabe 6 don launin ido kaɗai. A 2013 suka faɗaɗa shi zuwa gurabe 24 ya haɗa da gashi, sannan a 2018 suka ƙara 17 suka zama 41, fata ta shigo ciki. Gwajin ɗakin bincike da ke tafiya da manhajar yana iya aiki da ƙwayar halitta mai nauyin pikogiram 63 kacal, abin da bai wuce wanda ke cikin ƙwayoyin jiki goma ko makamancin haka ba.

Shafin kansa ba shi da wani ado. Mai buɗe shi zai tarar da doguwar jadawali, kowane layi da sunan ƙwayar gado da lambar gurbin da ake nema, irin su rs12913832 na HERC2, a gefe kuma ɗan wuri inda za a zaɓi 0 ko 1 ko 2, gwargwadon yawan kwafin wani harafi da mutumin ya gada daga iyayensa, ko a nuna cewa ba a samu sakamakon wannan gurbin ba. Mai samfura da yawa yana iya loda su gaba ɗaya a cikin fayil. Da an latsa, sai lambobi su fito, kowane launi da rabonsa tsakanin 0 da 1. Duk wanda ke koyar da ilimin gado ya kamata ya gwada wannan a gaban ɗalibansa: ya bar komai yadda yake, ya canza layin HERC2 kaɗai daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya ga yadda hasashen ido ke juyawa daga ruwan ƙasa zuwa shuɗi. A cikin minti ɗaya ɗalibi zai fahimci cewa harafi guda a cikin haruffa biliyan uku yana iya ɗaukar mafi yawan nauyin wata siffa.

Abin da ya fi burge ni shi ne manhajar ba ta yanke hukunci, kuma ba ta zana fuska. Idan wasu gurabe sun ɓace saboda samfurin ya tsufa ko ya lalace, tana nuna yawan ingancin da aka rasa a dalilin haka, maimakon ta rufe ido ta ba da amsa kamar komai ya cika. Gurabenta da lissafinta duk an wallafa su a mujallun kimiyya, kowane ɗakin bincike yana iya gwada su ya ƙaryata. Darajar wannan tana fitowa ne idan aka duba abin da ya faru a birnin Edmonton na Kanada a watan Oktoban 2022, inda 'yan sanda suka saki hoton fuskar wani baƙar fata da kamfanin Parabon na Amurka ya zana musu daga ƙwayar halitta, hoton da ya yi kama da dubban samari marasa laifi, har dole ta sa suka janye shi suka nemi afuwa cikin 'yan kwanaki. Kayser yana cikin masanan da suka daɗe suna cewa ilimin bai kai matsayin zana fuskar mutum ba tukuna.

Wajen inganci kuwa, ido ne ya fi ba da gaskiya. Shuɗi da ruwan ƙasa tana gane su sosai, amma launukan tsakiya, irin kore da makamantansa, nan tana yawan tuntuɓe, kuma masu ita ba su ɓoye hakan ba. Gashi ya fi wahala. Ja tana kama shi da kyau saboda ƙwayar gado ta MC1R, sai dai tsakanin gashi mai ruwan zinare da mai ruwan ƙasa akwai matsala, domin yaran Turawa da yawa gashinsu yana duhu yayin da suke girma, manhajar kuma ba ta san shekarun mutum ba. Misalin Sarki Richard na Uku na Ingila ya nuna wannan ƙarara. An kashe shi a yaƙi a 1485, aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a Lesta a 2012, kuma sakamakon gwajin nan mai gurabe 24 da aka wallafa a 2014 ya ba da kashi 96 cikin 100 cewa idonsa shuɗi ne, da kashi 77 cikin 100 cewa gashinsa ruwan zinare ne. Tsoffin zane-zanensa kuwa yawancinsu da gashi mai duhu suke nuna shi, shi ya sa masu binciken suka ce mai yiwuwa launin yarintarsa aka hango. Ga masanin tarihi wannan bayani ya wadatar. Ga ɗan sandan da ke neman baligi mai rai, kuskure ne da zai iya karkatar da shi daga hanya. Furfura da sanƙo da rini duk ba sa cikin lissafin.

Inda na fi samun damuwa shi ne fata. Manhajar ta kasa launin fata gida biyar, uku daga cikinsu na masu hasken fata ne, biyu kacal aka bar wa sauran. A ɗauka an tsinci ɗigon jini a wani gida a Kano ko Maraɗi, an kashe kuɗi an yi gwajin gurabe 41, an zuba su a jadawali. Amsar da za ta fito kusan kullum ita ce ido ruwan ƙasa, gashi baƙi, fata mai duhu. Amsar daidai ce, amma ta dace da kusan duk wanda ke cikin kasuwar Kurmi a wannan rana. Alhali kuwa mu da kanmu, idan muna cigiyar mutum, muna rarrabe baƙi wuluk da wankan tarwaɗa da fari, kuma bambancin nan na gaske ne, gado ne ke kawo shi. Binciken da Sarah Tishkoff ta Jami'ar Pennsylvania ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2017 bayan auna fatar mutane fiye da 1,500 a Habasha da Tanzaniya da Botsuwana, ya nuna cewa launin fata a Afirka yana da faɗi ƙwarai, kuma ya gano ƙwayoyin gado irin su MFSD12 da ke da hannu a ciki, waɗanda ba sa cikin gurabe 41 na wannan manhaja. Ba ƙeta ce ta jawo haka ba. Yawancin binciken da aka gina ta a kansa an yi shi ne a kan Turawa, don haka ta fi gani a inda aka fi haska mata. Ga kuma man bilicin, wanda ya isa ya raba fuskar mutum da abin da ƙwayar halittarsa ke faɗa.

Akwai kuma batun doka. Holan ta halatta irin wannan hasashe tun 2003, bayan kisan wata yarinya mai suna Marianne Vaatstra a 1999, lokacin da mutanen yankin suka ɗora zargi a kan baƙi masu neman mafaka, sai nazarin ƙwayar halitta ya nuna cewa mai laifin ya fi kama da ɗan asalin arewa maso yammacin Turai. A 2012 aka kama shi, manomi ne ɗan yankin. Ba wannan manhaja ce ta yi aikin ba, amma labarin yana nuna cewa irin wannan bayani yana iya wanke marasa gata. Yana kuma iya yin akasin haka, domin a ƙasar da baƙar fata suke tsiraru, sakamakon da ya ce fata mai duhu yana jefa al'umma guda cikin zargi, yayin da sakamakon da ya ce farar fata ba ya takura wa kowa. Jamus ta jira har ƙarshen 2019 kafin ta amince da hasashen launin ido da gashi da fata da shekaru, amma ta ƙi yarda da hasashen asalin mutum. Manhajar ba ta tambayar mai amfani da ita ko dokar ƙasarsa ta ba shi izini, wannan nauyi a wuyansa yake.

Kalmar kyauta ma tana buƙatar bayani. Shafin ne kyauta, amma lambobin da za a zuba masa sai an samo su daga ɗakin bincike mai na'urori da sinadarai masu tsada da ma'aikata ƙwararru, kuma komai a shafin da Turanci yake, cikin harshen masana. Ga malamin jami'a da ɗalibin kimiyyar halittu da mai nazarin tsoffin ƙasusuwa, ina ba da shawarar a yi amfani da ita ba tare da wani ɗar-ɗar ba. Ga hukumar 'yan sanda a Turai, tana iya taimakawa wajen tsara wanda za a fara tuntuɓa, da sharaɗin kada a kai sakamakonta kotu a matsayin hujjar kama wani. Ga hukumomin tsaro a Najeriya ko Nijar kuwa, duk kuɗin da za a kashe a kanta gara a zuba shi a gwajin kwatance na yau da kullum, da horar da jami'ai yadda za su ɗauki samfuri su adana shi kafin jama'a su tattake wurin.