Sashen cutukan jini da muke kai Baba, abin da na gani

Wata huɗu kenan muna zirga-zirga da Baba a sashen cutukan jini na wani babban asibiti, nace bari in faɗi yadda aikinsu yake ko wani zai amfana. Kaluluwa ce ta fito masa a wuya, bata ciwo amma ta ƙi komawa, ga gumin dare har sai an canza masa riga, ga rama. Shekarunsa 67. Suka yanki ɗan nama a wurin aka kai lab, sakamako ya nuna limfoma ce, sankarar da ke kama kaluluwa, irin wadda ake kira Hodgkin, can ƙasan takardar kuma an rubuta wai an ga wani bairos mai suna EBV (Epstein-Barr) a ciki.

Wlh wannan layin na ƙasa ya fi sunan cutar tada mana hankali. Yayata ta ware masa kofi da cokali ta hana jikoki shiga ɗakinsa, shi kuma bai ce uffan ba, sai dai ka ganshi yana bin yaran da kallo ta taga.

Ranar da muka ga likitar, ita ce dalilin rubutun nan gsky. Ta jawo kujera kusa dashi ta juya bayan takardar tana zane da biro, tace "Baba, wannan ƙwayar da aka gani kusan duk wanda ke ɗakin nan yana ɗauke da ita." Sama da mutum 9 cikin 10 na manya a duniya suna da EBV, ta yawu ake ɗauka yawanci tun ana yara, sai ta laɓe cikin fararen ƙwayoyin jini har ƙarshen rayuwa, akasarin mutane bata musu komai. Ita sankarar kuwa ba a ɗaukarta daga wani.

Nace to likita me yasa shi? Bata gaji dani ba. Tace ƙwayar ita kaɗai bata isa ba, shekaru da inda mutum ya tashi da ƙarfin garkuwar jiki duk suna ciki, ta kawo labarin Denis Burkitt, likitan tiyata da ya bayyana wani nau'in limfoma mai kumbura muƙamuƙi a yara a Yuganda a 1958, kuma a ƙwayoyin wannan sankarar ne Epstein da Barr da Achong suka gano bairos ɗin a Landan a 1964. A yankunan Afirka da maleriya ta yi katutu kusan duk yaron da ya samu wannan nau'in za a ga EBV a ciki, saboda zazzaɓin da ke ta dawowa yana gajiyar da garkuwar da ke danne ƙwayar, amma a Turai da Amurka nau'in ya fi fitowa a cikin ciki kuma a kaɗan ne ake samun ƙwayar. Ta Hodgkin irin ta Baba, an fi ganin ƙwayar a ƙananan yara da dattawa, matasan ƙasashe masu arziki kuma yawanci babu ita a tasu. Har Japan ta taɓo, wani bairos daban HTLV-1 da ya yi yawa a kudu maso yammacin ƙasar, jariri kan sha a nono sai bayan shekaru masu yawa sankarar jini ta bayyana a kaɗan daga cikinsu. Na tambayi ko akwai maganin kashe EBV ɗin ko rigakafi, tace babu rigakafi tukuna, kemo dai, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, shine maganin.

Wani abu da ya burgeni, kafin kemo sai da suka gwada HIV da ciwon hanta nau'in B da C. Baba ya ɓata rai da ya ji HIV, ta lallashe shi tace kowa ake yiwa, don HIV na ƙara haɗarin limfoma, B ɗin kuma idan yana kwance kemo na iya tada shi ya lalata hanta. Duk suka fito lafiya. Nas-nas ɗin ɗakin kemo ma ba laifi, akwai wadda sai ta ɗumama masa hannu kafin ta nemi jijiya.

Inda suka gaza, kuma ya min ciwo: kwana 24 muka jira sakamako, lambar wayar da suka bamu ba a taɓa ɗauka ba, da ya fito kuma a teburin kati aka miƙo mana a ambulan ba wanda yace ga ma'anarsa, sai bayan kwana 9 muka samu ganin likita. Kwana taran nan su ne Baba ya yi yana shan ruwa a kofi daban. Na rubuta na jefa a akwatin ƙorafinsu cewa irin wannan takarda likita ko nas ya kamata ya miƙa da bayani, har yau ba amsa.

Tauraro 4 cikin 5 zan basu. In an miƙo muku sakamako ku dage a haɗaku da likita a ranar, ku tafi da tambayoyinku a rubuce. Baba yana zagaye na uku na kemo yanzu, kumburin ya sauka sosai, jikokin sun koma kwana a ɗakinsa. Ku saka shi a addu'a.